Gyaran fuska da leza: maganar da ba a yi wa masu baƙar fata

A 'yan shekarun nan tallar gyaran fuska da na'urar leza ta yawaita a Instagram da TikTok, inda ake nuna fuska mai tabo da tamoji a gefe guda, a ɗaya gefen kuma a nuna ta sumul bayan aiki. Ra'ayina shi ne wannan aikin likita ne, bai dace a jera shi da dilka da halawa a shagon gyaran jiki ba, kuma mu masu baƙar fata mun fi kowa buƙatar yin taka-tsantsan da shi.

Abin da na'urar take yi ƙuna ce, sai dai ƙuna ce da aka auna zurfinta. Lezar CO2, wadda Kumar Patel ya ƙirƙiro a Amurka a 1964, tana fitar da hasken da ruwan cikin fata yake zuƙewa, sai ruwan ya tafasa nan take, saman fatar ya ƙone ya tashi. Zafin da ya ratsa ƙasa yana sa jiki ya shiga aikin warkar da rauni, ya riƙa saƙa sabon kolajin, wato sinadarin da ke riƙe fata ta yi tauri da santsi, kuma wannan saƙar takan ɗauki wata uku zuwa shida. Akwai kuma lezar Erbium, wadda zafinta bai kai na CO2 bazuwa a cikin nama ba. A 2004 ne likitoci a Jami'ar Harvard, ciki har da Rox Anderson da Dieter Manstein, suka fito da dabarar da ta sauƙaƙa al'amarin: maimakon a ƙone fuskar baki ɗaya, sai a huda ta da ƙananan ɗigo-ɗigo kamar idon rariya, a bar lafiyayyar fata a tsakaninsu domin warkewa ta yi sauri. Ba na musun amfanin wannan fasaha, domin tana rage ramukan da ƙurajen fuska suka bari, tana kuma lafar da ƙananan tamoji, ko da yake ba ta ɗaga fatar da ta riga ta saki.

Matsalar tana wajen launi. Likitocin fata suna amfani da ma'aunin da Thomas Fitzpatrick ya tsara a 1975, wanda ya kasa fatar ɗan Adam gida shida, kuma akasarinmu muna gida na 5 ne ko na 6. Fatarmu cike take da melanin, wato sinadarin da ke ba fata launinta, kuma ƙwayoyin da ke samar da shi suna da saurin harzuƙa, ta yadda duk inda aka ji rauni ko aka ƙone sai su ƙara zuba launi a wurin. Kowa ya san yadda ƙurji ɗaya yake warkewa cikin mako guda amma baƙin tabonsa ya yi watanni yana nan. To, haka abin yake idan aka bi kunci da goshi da zafin da ya wuce kima. Kwanakin farko fuskar takan kumbura, ta riƙa tsatsar ruwa, ta yi ɓawo, mutum yana shafa man kariya yana zaune a ɗaki. Idan ɓawon ya zube sai sabuwar fata ta fito da haske, har mai ita ta fara murna, amma bayan mako uku ko huɗu sai duhu ya fara sauka dabbare-dabbare, wani lokaci ma a cikin siffar ɗigon da na'urar ta bi. Wannan duhun yakan yi watanni kafin ya washe. Wanda ya fi shi muni shi ne launin ya gudu, wurin ya koma fari-fari, domin wannan da wuya ya dawo yadda yake. Ga kuma tabo mai tsiro, irin wanda ke fitowa wa wasu mata a kunne bayan huji, wanda ya fi yawa a tsakanin baƙar fata.

Abin da ya fi damuna shi ne, fuskar Bahaushe ba ta cika saurin yin tamoji kamar ta Bature ba, saboda melanin yana tare wani ɓangare na illar rana. Abin da mata suka fi kuka da shi a wajenmu shi ne tabo da rashin daidaituwar launi, kuma a nan ne dai lezar mai ƙona saman fata ta fi yi mana barazana. Shi ya sa likitan da ya san aikinsa yakan fara da magungunan shafawa, idan kuma leza ta zama dole ya zaɓi wadda ba ta tashin saman fata, ko irin Nd:YAG da melanin bai cika zuƙe haskenta ba, ya rage ƙarfinta, ya raba aikin zuwa zama da yawa, bayan ya gwada a ɗan wuri kusa da kunne ya jira ya ga yadda fatar za ta amsa.

Sai batun bilicin, wanda ba zai yiwu a tsallake shi ba, tunda har hukumar NAFDAC ta ayyana shi a matsayin matsalar gaggawa ta lafiya a 2023. Yawancin mayukan da ake haɗawa a kwalba babu suna a jiki, suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi, wanda ke sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, ya kuma jinkirta warkewar rauni. 'Yar uwa, idan kin shekara kina shafa irin wannan mai, ki faɗa wa likita gaskiya ba tare da jin kunya ba, domin ɓoyewar ce za ta cutar da ke. Haka nan ya kamata ya san ko kina shan maganin ƙuraje na isotretinoin, ko kuma ƙurajen zazzaɓi suna yawan fito miki a leɓe, saboda leza tana iya tayar da ƙwayar cutar ta bazu a fuska idan ba a ba da maganin riga-kafi ba.

Ina roƙon iyaye da ƙawayen amarya su daina sa wannan aiki cikin shirin biki idan saura mako biyu ko uku, domin lokacin da duhun yakan fito ya yi daidai da ranar kamu ko ɗaurin aure. Wadda za ta yi, ta ba kanta aƙalla wata shida, ta kuma yarda cewa a ƙarƙashin ranar Kano ko Sakkwato ko Maraɗi dole ta riƙa shafa man kariya daga rana mai lamba 30 ko fiye kullum, ko da tana sa niƙabi. Kafin ta kwanta a gaban na'ura, ta tabbatar mai aikin likitan fata ne mai rajista da hukumar likitoci, ta tambaye shi sunan lezar da zai yi amfani da ita, sannan ta nemi ganin hotunan masu launin fata irin nata da aka ɗauka wata uku bayan an gama aikin.