Ƙannena masu waƙa, wa ke riƙe da takardarku?

Ku da kuke kwana a situdiyo, da ku nake. Murya ba ta taɓa ƙulla yarjejeniya ba, hannu ne ke sa hannu, kuma yawancinku ba kwa karanta abin da aka miƙo muku.

Ku dubi mutanen da suka kafa kiɗan rock and roll a Amurka wajen 1955. Kusan tare suka fito, amma kowa da inda ya ƙare.

Little Richard ya sayar wa kamfanin Specialty haƙƙin waƙarsa ta farko da ta yi tashe a kan dala 50, ana kuma ba shi rabin santi (santi ɗari ne dala ɗaya) a kan kowane faifai. Rabin santi fa! A 1957, yana tsakiyar rangadi a Ostireliya, ya ce ya bar waƙa, ya koma karatun addinin Kirista. Da ya dawo fage, ya yi shekaru yana kukan haƙƙinsa.

Elvis Presley kuwa ya fi su duka kuɗi, amma wuƙa da nama suna hannun manajansa, Kanar Tom Parker, wanda daga baya yake kwashe rabin abin da ya shigo. Parker ɗan Holan ne da ya shiga Amurka ba takardu, shi ya sa ake ganin Elvis bai taɓa yin wasa a Turai ba. A 1973 suka sayar wa kamfanin faifai na RCA haƙƙin tsofaffin waƙoƙinsa baki ɗaya. Elvis ya mutu a 1977 yana da shekara 42.

Ni wanda nake so ku lura da shi Chuck Berry ne. Da faifansa na farko ya fito a 1955, sai ya ga sunayen wasu mutum biyu kusa da nasa, wai su ma marubuta waƙar ne. Sau ɗaya aka yi masa. Daga baya shi kaɗai yake zuwa wurin wasa da gitarsa a hannu, a nemo masa makaɗa a garin, kuma ba ya hawa dandamali sai an ƙirga masa kuɗinsa lakadan. Mutane suka ce ya cika son kuɗi, bai kula su ba. Ya kai shekara 90.

Sai dai kada ku kwaikwaye shi duka. Lakadan ɗin nan da yake cusawa a jaka bai biya masa haraji yadda ya kamata ba, a 1979 ya kwana gidan yari saboda shi.