Kada a raina mita 13.75 na Micheline Ostermeyer

Duk wanda ya ɗauko jifan dalma (jifan ƙwallon ƙarfe mai nauyi) da ya ba Micheline Ostermeyer ta Faransa zinare a gasar Olamfik ta Landan a 1948, wato mita 13.75, ya jera shi da mita 22.63 da Natalya Lisovskaya ta Tarayyar Sobiyet ta jefa a 1987, zai ce 'yar Faransar dami ta tsinta a kala. Babu adalci a wannan awo.

A 1948 ɗin ne aka fara ba mata damar jifan dalma a Olamfik, alhali maza na yi tun 1896. Ostermeyer, wadda aka haifa a 1922 kuma ta tashi a Tunisiya, sana'arta kaɗa piyano. Daga Landan ta koma gida da zinare biyu, na dalma da na jifan faifai, da tagulla a tsallen sama. Gaskiya ne Tarayyar Sobiyet ba ta je gasar ba, kuma matanta ne ke kan gaba a lokacin. Hujja ce mai nauyi, amma ba ita ce ta kawo ratar mita tara ba.

Salo ne ya canza. Faɗin da'irar da ake jifa a ciki mita 2.135 ne kacal, dalmar mata kilo 4, ta maza kilo 7.26. Sunan ne jifa, aikin kuwa turawa ne: dalma na zaune a gindin yatsu, ba a tafin hannu ba, manne da wuya ƙarƙashin muƙamuƙi, gwiwar hannu a ɗage. Da zarar gwiwar ta sauka, ƙarfin ya zube, dalma ta zame ta tanƙwara yatsu baya. A tuna, da waɗannan yatsun matar nan take cin abinci.

A zamaninta mai jifa kan tsaya ne a kaikaice, ya yi ɗan tsalle ya tura. Sai a farkon shekarun 1950 Parry O'Brien na Amurka ya juya wa fili baya, ya durƙusa kan ƙafa ɗaya, ya sulale baya sannan ya murɗo ƙugu. Aleksandr Baryshnikov ya ƙara da juyawa irin ta masu faifai, ya kai mita 22 a 1976, kuma da juyin ne Ryan Crouser ya jefa 23.56 a 2023. Dalili ɗaya ne: abin da ya fi yanke nisa shi ne saurin dalma lokacin da ta bar hannu, kuma gwargwadon tsawon hanyar da aka bi ana tura ta, gwargwadon saurin. Shi ya sa ma gwanaye ke sakinta ƙasa da digiri 45, domin jiki ya fi iya turawa gaba a kan sama. Ostermeyer ta ajiye wasa a 1950, bayan tagulla biyu a gasar Turai ta Brussels, kafin wannan ilimi ya yaɗu.

Shi kansa ma'aunin na 1987 abin dubawa ne, don an kafa shi ne kafin a tsaurara gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari a wajen lokacin gasa. Valerie Adams ta New Zealand, wadda ta zama zakarar duniya sau huɗu a jere, ba ta taɓa wuce mita 21.24 ba.