Tsawon layin masu neman shiga soja ba ya nuna jin daɗin sojoji

Duk lokacin da Rundunar Sojin Ƙasa ta Najeriya ta buɗe shafin ɗaukar kurata, za ka tarar da matasa sun cika shagunan intanet, kowa riƙe da takardar shaidar ƙaramar hukuma da sakamakon sakandare a cikin leda. Wasu suna ɗaukar wannan cincirindo a matsayin shaidar cewa aikin soja yana da farin jini. A ganina rashin aikin yi ne ya tara yawancinsu, kuma mai son sanin halin da aikin yake ciki sai ya dubi waɗanda suka riga suka sa kaki.

A shekarar 2020 jaridu sun ruwaito cewa sojoji 356 sun nemi ajiye aiki, kuma dalilin da akasarinsu suka bayar shi ne aikin ya fita daga ransu. Kafin nan, a watan Mayun 2014, ƙananan sojoji sun buɗe wa motar kwamandansu wuta a barikin Maimalari da ke Maiduguri, bayan an kawo gawarwakin 'yan'uwansu da Boko Haram ta yi wa kwanton ɓauna. A watan Agustan 2018 kuma wasu suka yi ta harbi sama a filin jirgin saman Maiduguri, suka ƙi tafiya Marte, suna cewa sun daɗe a fagen daga ba a canza su ba. Bore babban laifi ne a aikin soja, kuma ba kare shi nake yi ba, sai dai kokensu bai sauya ba: ƙarancin makamai, jinkirin alawus, da rashin sauyin wurin aiki.

Wannan na ƙarshen shi ya fi damuna, domin gyaransa ya fi buƙatar tsari a kan kuɗi. Sojan da ya san ranar da za a karɓe shi zai iya jure yunwa da ƙura da rashin barci. Wanda aka haifa wa ɗa yana daji, har yaron ya fara tafiya bai ɗauke shi ba, da wuya ƙarin albashi kaɗai ya riƙe shi.

Ana kwashe watanni ana horar da kurtu a Zariya, sannan ya ƙara shekaru kafin ya san daji da dabarun abokan gaba, kuma idan irin wannan ya ajiye kaki, sabon kurtu ba ya cike gurbinsa. Saboda haka idan hafsoshi suka je gaban Majalisa kare kasafin kuɗi, ya kamata a tambaye su sojoji nawa suka bar aiki a bara, da kuma tsawon lokacin da kowace bataliya ta yi a Borno ba a canza ta ba.