Kofi, kanwa da cocilar mai unguwa

Tsohuwar kyamarar kawuna, Yashica mai cin fim, ta daɗe a ƙasan adaka har ƙanen matata ya dawo ƙauyenmu na ƙasar Ringim daga karatu a Kano da sabon ilimi: wai ana wanke fim da kofi. Ya ce ɗalibai ne a Rocesta ta Amurka suka gano hakan a 1995, kuma ya fi maganin kanti araha da ƙarancin guba. Garin kofi, sodar wanki, bitamin C, shi ke nan. Soda babu a kasuwarmu, sai ya sa muka gasa kanwa a kasko, wai dangi ɗaya ne.

Mu huɗu muka zama ɗalibansa, zauren gidana ya zama ɗakin wanki. Muka toshe taga da buhu, muka rataya bargo biyu a ƙofa, duk kafar da bera ya haƙa muka cusa mata tsumma. Jar fitilar nan ta masu hoto, ashe ta wankin takardar hoto ce; shi fim duhu ƙirin yake so. Ruwan kuma sai ya sauka zuwa digiri 20, a watan Afrilun Jigawa, don haka ƙanƙarar da muka aika aka sayo a gari ta fi mu gata a ɗakin. Warin haɗin kuwa, kamar an jiƙa daddawa a ruwan jima.

Maza biyar a rufe da rana tsaka, ga wari, ga raɗa, ga wani yana ƙirga daƙiƙa da ƙarfi. Kafin la'asar rabin gari ya ce tsafi ne, rabi ya ce burkutu.

Daidai na zaro fim daga gwangwaninsa, hoto 36 na bikin 'yar maƙwabcina, ina lalube zan naɗa shi a kan dunƙulen tankin wankin fim, sai aka yaye bargo. Mai unguwa ne, da cocila mai batir uku, ya dalle ni a fuska.

"Ranka ya daɗe, kashe! Kashe!"

"In kashe wa? Kai ɗan nan, me kake ɓoyewa a hammata?"

Ya sa na miƙa masa, ya ware shi tsaf, ya haska daga farko har ƙarshe, ya ce shi bai ga komai ba. Gaskiyarsa, ba kuma wanda zai sake gani. Amarya, ango, 'yan kai amarya da akuyar da ta shiga layi, duk sun ƙone.

Don a wanke mu daga zargi, ƙanen matata ya shiga bayani. Ya nuna jarkar da muke tara ruwan kafe hoto, wato maganin da ake tsoma fim a ciki bayan na kofi don hoton ya zauna, ya ce wannan ba a zubar da shi a kwata ko kusa da rijiya, saboda azurfar jikin fim tana narkewa a ciki, har ana iya tace ta da soson ƙarfe.

Mai unguwa ya kashe cocila. Ya ce lallai abu mai haɗari irin wannan bai kamata ya kwana a hannun yara ba, ya sa dogarinsa ya ɗauki jarka.

Maƙwabcina ya daina amsa sallamata. Goggo kuma ta aiko a gaya mini kuɗin kanwarta ta yafe, amma in an fara rabon azurfa, ita munduwa take so.