Zazzaɓin mai ciki ba laulayi ba ne

Akwai maganar da ke ci mini tuwo a ƙwarya a gidajenmu. Mace mai juna biyu ta kwanta jiki rau da zazzaɓi, sai ka ji uwar miji ko wata gwaggo ta ce, "Ai laulayi ne, mu ma haka muka yi." Maigida kuwa ya aiki yaro kemis a sayo farasitamol, shi ke nan an gama. Ita kuma, musamman in cikin fari ne, kunya ta hana ta buɗe baki.

Jama'a, jikin mai ciki ba irin na kowa ba ne wajen yaƙi da cuta. Ɗan da ke cikinta rabin halittarsa daga uba ne, don haka a wurin garkuwar jikinta baƙo ne, kuma aikin garkuwa shi ne korar baƙo. Sai Allah Ya tsara sinadaran da mabiyiya ke zubawa cikin jini, wato furojestaron da istrojin, waɗanda ke ta hauhawa har wajen haihuwa. Furojestaron yana lallashin wani ɓangare na garkuwar don kada ta far wa ɗan tayin. To, wannan ɓangaren da aka lallasa yana cikin masu farautar ƙwayoyin jikin da bairos ya shiga ya ɓuya. Ba wai garkuwar ta mutu ba ce, an sauya mata tsari ne. Shi ya sa matsalar ba ta tsaya ga kamuwa ba, ta fi yawa ga yadda cutar ke tsananta in ta kama, musamman a watanni ukun ƙarshe. Ga kuma ciki ya tokare huhu, numfashi ya ragu, alhali jiki na neman iska fiye da da.

A 2009, lokacin murar H1N1, masu ciki ba su wuce kashi 1 cikin 100 na mutanen Amurka ba, amma su ne kusan kashi 5 na waɗanda suka mutu.

Namu ya fi kusa. Ciwon hanta nau'in E, wanda ake ɗauka ta gurɓataccen ruwan sha, yawancin mutane yakan zo musu ya wuce, wasu da shawara. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin mata masu tsohon ciki yana iya kashe har kashi 20 zuwa 25 cikin 100. A 2017 da ya ɓarke a Diffa ta Jamhuriyar Nijar cikin 'yan gudun hijira, mafi yawan gawarwakin na masu ciki ne, kuma a shekarar ya ɓulla a Ngala ta jihar Borno. Mu kuwa da mun ga ido ya yi ruwan ɗorawa sai a ce shawara ce, a jiƙa saiwa a tulu a ɗura mata. Hantar da ke neman gazawa ita ake ƙara wa aiki.

Haka zazzaɓin Lassa, da ɓera ke yaɗawa ta fitsari da kashinsa a kan hatsi da abincin da aka bari a buɗe. Farkonsa sak maleriya. Idan ya kama mace a ƙarshen ciki, galibi ɗan ba ya rayuwa, uwar ma tana cikin haɗari babba.

Ni laifin magidanta na fi gani, don kuɗin mota da izinin fita a hannunmu suke. Surukai suna faɗin abin da suka tarar ne. Amma kai da ke riƙe da waya kana karanta wannan, ba ka da uzurin jira sai ranar awon ciki ta zagayo. Zazzaɓin da aka sha maganin maleriya bai sauka ba, ido ko fitsari ya canza launi, numfashi sama-sama, jini, ko ta ce motsin ɗan ya ragu, a ranar ake tafiya asibiti, ko da dare ne. In kun je kuma, a gaya wa likita watannin cikin, a gaya masa duk jiƙon da aka ba ta a gida, kada a ɓoye don tsoron faɗan nas.