A kasa mana sakamakon bincike kashi-kashi

Rubuta kalmar "kura" a Google ka gani. Wace kurar? Ta dawa mai kukan dare, ko garin Kura na jihar Kano da ake noman shinkafa? Ko wadda 'yan ga-ruwa ke turawa cike da jarkoki? Wataƙila ma ƙurar hunturu kake nufi, wayarka ce ba ta da ƙ mai lanƙwasa. Injin ba zai tambaye ka ba. Zai jero shafuka a layi guda, ya ɗora wanda ya zata a sama, kai kuwa ka yi ta gangarawa da yatsa har data ta ƙare.

Mai tumatir a kasuwa ya fi shi dabara. Kasawa yake yi: manya nan, ƙanana can, waɗanda suka yi laushi a gefe don mai miyar yau. Kallo ɗaya, ka san inda za ka miƙa hannu.

An taɓa gwada haka a intanet. A 2000 wasu masana daga Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka suka kafa kamfanin Vivísimo, a 2004 suka fito da injin bincike mai suna Clusty. Manhajar kan duba kanun shafukan da aka samo da 'yan layukan da ke ƙarƙashinsu, ta tara masu kalmomi iri ɗaya wuri guda, ta raɗa wa kowane kashi suna a gefen hagu na allo. Injin bai yi kasuwa ba. An sayar da Clusty a 2010, kamfanin kwamfuta na IBM kuma ya saye Vivísimo a 2012, fasahar ta koma binciken takardun manyan kamfanoni.

Masu kushe ta suna da hujja. Sunan da na'ura ke ba kashi wani lokacin shirme ne, kuma wanda ya san abin da yake nema ba ya son a tsayar da shi zaɓe. Na yarda. Sai dai ba kowa ne ya san abin da yake nema ba. Ɗalibar da aka ba aiki kan "gari" ko "baki" tana buƙatar ta fara ganin rassan maganar tukuna, a harshen da ba a rubuta karin sautinsa, da yawa daga masu rubuta shi a waya kuma ba sa damuwa da ɓ, ɗ da ƙ.

Yanzu abin ya ma ƙara tsuke. Ƙirƙirarriyar basira, wato manhajojin AI masu amsa tambaya kamar mutum, na miƙo amsa ɗaya tal, a tsare, cikin murya mai tabbaci, ba za ka taɓa sanin an bar wasu kurayen uku a baya ba.

Manhajar Carrot2, wadda aka ƙera a ƙasar Poland don wannan kasawar, kyauta take ga duk mai son ya taɓa ta. Abin da za ta nema kafin ta yi Hausa shi ne jerin ƙananan kalmomin da za ta tsallake, irin su "da", "na" da "ta", da hanyar gane jam'inmu mai wuyar sha'ani, ta san "gari" da "garuruwa" abu ɗaya ne. Wannan aikin ɗalibin kwamfuta ne da ɗalibin Hausa, in za su zauna a teburi ɗaya a Bayero ko Ahmadu Bello.