Motar da ta ƙi gaida maigadi

(Ƙofar gidan Alhaji, bayan la'asar. Dillali ya miƙa masa waya da hoton wata mota, Maigadi na leƙe ta bayansu.)

Alhaji: Kai Dillali, wannan mota ce ko dutsen guga?

Dillali: Ranka ya daɗe, mota ce. Lancia Stratos Zero. Kamfanin Bertone ne ya ƙera ta a Italiya, aka baje ta a Turin a 1970. Marcello Gandini ne ya zana ta.

Alhaji: To ina ƙofar?

Dillali: Ai ba ta da ƙofa. Gilashin gaban ake ɗagawa, ka tura sitiyarin gaba, ka taka hancinta ka zurma ciki.

Alhaji: Ta taga ke nan? Da girmana, da babbar rigata, in shiga motata kamar ɓarawo?

Dillali: Rigar ma sai an tuɓe, Alhaji. Daga ƙasa zuwa rufinta santimita 84 ne kacal. A kishingiɗe ake tuƙi.

Alhaji: Hular fa?

Dillali: A bar wa Hajiya.

Maigadi: Tumbin fa?

Alhaji: Kai, wa ya sa da kai?

Dillali: Bari ka ji abin burgewar. Mai kamfanin, Nuccio Bertone, da kansa ya tuƙa ta zuwa ofishin Lancia. Ya iske sandar ƙofa a sauke. An ce bai tsaya ba, sai ya sulale ta ƙarƙashinta.

Maigadi: Innalillahi! Babu ko sallama?

Dillali: Ko hon.

Maigadi: Ba a buɗe but ba? Ba a ce daga ina, wurin wa? To shi maigadin me aka ajiye shi yi, kiwon sanda?

Alhaji: Ni fa ta fara kwanta min. Duk mai bina bashi, sai dai ya ji iska ta wuce ta gwiwarsa. Injin fa?

Dillali: Na Fulvia ne, wata motar Lancia, ɗan lita 1.6, a bayan direba.

Alhaji: Duk wannan kurin? To kawo biyu, ɗaya ta amarya.

Dillali: Nan fa ake yin ta. Ƙwaya ɗaya aka ƙera, ba a sake ba. Lancia sunan suka ɗauka, suka sa aka yi musu wata Stratos mai ƙofofi, ita ta ci kambun tseren rali na duniya a 1974, 1975 da 1976. Wannan kuwa an yi gwanjonta a 2011, sama da yuro dubu 700.

Alhaji: To me ka zo sayar min?

Dillali: Ai gani na kawo maka, ranka ya daɗe. A ɗan taɓa la'adar kallo.

Alhaji: Maigadi, raka shi waje! Maigadi? Ina kuma ya shiga?

Maigadi: (daga bakin ƙofa, rungume da bulo biyu) Ina zuwa, Alhaji. Ƙasan ƙofar nan nake toshewa. Ka tabbata dai guda ɗaya suka yi?